Wa Ke da Ikon Suturta Muryar Tsoho?

Mu huɗu ne a ofis ranar, dare ya yi nisa, muna jiran wata manhaja da muka ɗora ta gama gwaji kafin kowa ya kama hanyar gida. Irin wannan jira ba ya son surutu, shiru ma ba ya yi masa daɗi, don haka ɗayanmu ya kunna kiɗa a lasifikar kwamfutarsa. Kundin waƙoƙin Johnny Cash ne, American IV: The Man Comes Around, wanda ya fita a watan Nuwamba na 2002, na ƙarshe da aka fitar yana raye. Ba a kai ƙarshen waƙa ta biyu ba sai babbanmu a shekaru ya ɗago kai ya ce, "Wallahi da mahaifina ne wannan, ba zan yarda a fitar da shi ba."

Mun ɗauka wasa yake, sai da muka ga fuskarsa. Ya ce mu saurara da kyau. Mutumin nan numfashinsa ba ya kai shi ƙarshen baiti, muryarsa rawa take yi, harshensa yana nauyi a kan wasu kalmomin kamar mai magana da goro a baki. Dattijo ne mai shekara 70 da ciwo ya ci ƙarfinsa, an zaunar da shi gaban makirufo, an naɗi rauninsa an kai kasuwa, mu kuma ga mu nan muna kaɗa kai. Ya tambaye mu: idan tsoho ya yi tuntuɓe a hanya rigarsa ta yaye, kawar da kai ake yi ko ɗaukar hoto?

Manhajar ta gama gwajinta tuntuni muna nan muna gardama. Watanni sun wuce tun daga ranar ba mu daina komawa kan maganar ba, don mun lura ta wuce Johnny Cash, ta shigo har cikin aikin da muke ci da shi.

Da yawanmu mun tashi muna jin kiɗan kantiri ba mu ma san sunansa ba. Yana cikin kaset ɗin da iyaye da yayye ke sakawa a mota, yana cikin zaɓen rediyo na Turanci: su Don Williams, Jim Reeves, Kenny Rogers, Dolly Parton. Kiɗa ne na mutanen karkarar kudancin Amurka, manoma da masu haƙar kwal da direbobin tirela, kuma zancensa bai cika wuce gona da bashi da giya da coci da matar da ta tafi ba. Cash ɗan wannan gida ne. An haife shi a 1932 a jihar Arkansas, ya tashi yana aikin auduga a gonar iyayensa a Dyess, wani ƙauye da gwamnati ta kafa wa talakawan manoma lokacin karyewar tattalin arziki. Yana ɗan shekara 12 injin zarto ya yanke yayansa Jack a wurin aiki har ya rasu, abin da bai taɓa barin zuciyarsa ba. Ya yi sojan sama a Jamus, ya dawo ya fara naɗar waƙa a 1955 a kamfanin Sun na birnin Memphis, inda Elvis Presley ya fara. A Janairun 1968 ya shiga kurkukun Folsom a Kalifoniya ya yi wa fursunoni wasa, aka naɗa aka fitar, sunansa ya cika ƙasar. Wanda duk ya ji muryarsa ta wancan zamani ya san abin da ake nufi da murya mai kauri. Tana fitowa ne kamar daga ƙasan rijiya, ba gaggawa, ba ado, ba ta roƙon kowa ya saurare ta.

Sai zamani ya juya masa baya. A 1986 kamfanin Columbia, wanda ya yi wa aiki kusan shekara talatin, ya sallame shi. Gidajen rediyon kantiri sun koma wa samari masu sabuwar hula, shi kuma aka bar shi yana zagaye ƙananan dandali yana maimaita tsofaffin waƙoƙinsa. Wanda ya zo ya ɗauke shi daga nan ba ɗan Nashville ba ne, cibiyar wannan kiɗa. Rick Rubin ne, furodusan da ya yi suna da mawaƙan gambarar zamani irin su Run-DMC da Beastie Boys da kuma masu kiɗan ƙarfe mai hayaniya. Dabararsa ba ta da wani tsawo: ya zaunar da Cash a falonsa a Los Angeles, daga shi sai jita, ya ce ya rera duk abin da yake so. Abin da ya fito a 1994, American Recordings, ya ci kyautar Grammy, ya kuma kawo masa matasan da ba a haife su ba lokacin Folsom. Na biyu, Unchained, ya zo a 1996, muryar tana nan da ƙarfinta.

A Oktoban 1997, yana kan dandali a birnin Flint na jihar Michigan, ya sunkuya zai ɗauki ɗan abin kaɗa jita da ya faɗi, saura kaɗan ya kife. A nan take ya gaya wa 'yan kallo ba shi da lafiya. Likitoci sun yi ta canza wa ciwon suna, daga baya suka tsaya a kan cewa ciwon suga ne ya lalata masa jijiyoyi. Nimoniya ta kwantar da shi asibiti ta illata huhunsa, ganinsa ya ragu ƙwarai, yawon wasa ya ƙare. A cikin wannan hali aka yi na uku a 2000, sannan na huɗu, wanda muke gardama a kansa.

Waƙa ta biyu, wadda ta sa abokinmu ɗago kai, sunanta Hurt, kuma ba ta Cash ba ce. Trent Reznor na ƙungiyar Nine Inch Nails ne ya rubuta ta, ta fita a 1994, lokacin bai cika talatin ba. Waƙar saurayi ce da ya kulle kansa a ɗaki da ƙwaya da ƙiyayyar kansa. Rubin ne ya kawo wa Cash ita, ya kuma nace. Da ta shiga bakin dattijo sai kalmomin suka canza nauyi ba tare da sun canza wuri ba: abin da yake kukan daren saurayi guda ya koma lissafin rayuwa gaba ɗaya. Mark Romanek ya yi mata bidiyo a gidan Cash da ke Hendersonville, jihar Tennessee, da kuma gidan tarihinsa da aka riga aka rufe, kayan ciki sun yi ƙura, gilashin wani faifan yabo ya tsage. Ana nuna shi zaune gaban teburi cike da abinci, hannunsa na rawa yana zubar da kofin giya a kai, ana sarƙa wannan da hotunansa na ƙuruciya yana tafiya kamar ƙasa tasa ce. Matarsa June Carter tana tsaye a kan matakala tana kallonsa. A ƙarshe ya rufe murfin fiyano ya shafa shi. June ta rasu ranar 15 ga Mayun 2003, shi kuma ya bi ta ranar 12 ga Satumba, yana da shekara 71. Reznor da kansa ya ce da farko abin bai yi masa daɗi ba, amma da ya ga bidiyon ya san waƙar ta bar hannunsa.

Sai mu ba abokinmu haƙƙinsa, don hujjarsa ba ta wasa ba ce. Abin da yake karewa shi ne sutura, kuma duk wanda ya taɓa jinyar tsoho ya san darajarta. Ka san lokacin da ake jawo labule, lokacin da ake ce wa baƙo ya dawo gobe, barci yake, alhali ba barci yake ba. Ana yin haka ne don mutumin ya ci gaba da zama a idon jama'a yadda ya gina kansa cikin shekara sittin ko saba'in, kada mako biyun ƙarshe su shafe sauran. Ga shi kuwa abin da abokinmu ke tsoro ya faru da Cash daidai gwargwado: akwai miliyoyin mutane a yau da ba su san shi ba sai a matsayin tsohon nan mai rawar hannu. Ba su san mai barkwancin da ya rera labarin yaron da ubansa ya raɗa wa sunan mace ba, ko na ma'aikacin da ya yi ta satar kayan mota ɗaya-ɗaya daga masana'anta har ya haɗa tasa. Sannan akwai kuɗi a ciki. Kundin ya sayu fiye da duk wanda ya yi a situdiyo cikin shekaru masu yawa, kuma Nashville ɗin da ta yar da shi ita ce ta taru a Nuwamban 2003, wata biyu bayan an binne shi, ta ba shi kyautar kundin shekara da waƙar shekara da bidiyon shekara. Rauni yana da kasuwa. A cikin zuciyar ɗan Adam akwai wani lungu da ke jin sanyi idan ya ga ƙaƙƙarfa ya durƙusa, kuma ba mu isa mu rantse cewa lungun nan ba ya cikin abin da ya sa muke kaɗa kai a daren nan ba.

Duk da haka mun ƙi bin sa har ƙarshe, kuma dalilinmu yana cikin misalin da ya kawo da kansa. Tsohon da ya yi tuntuɓe bai zaɓi rigarsa ta yaye ba. Cash kuwa shi ya taka da ƙafarsa ya je gaban makirufo. Mutum ne da bai saba ɓoye kansa ba tun yana da ƙarfi: an kama shi da ƙwayoyi a El Paso a 1965, ya rubuta tarihin kansa har sau biyu, a 1975 da 1997, bai tsallake wannan babi ba. A Flint ma babu wanda ya tilasta masa faɗa. Waƙar da ta buɗe kundin shi ya rubuta ta, ya ɗebo hotunanta daga littafin Ru'ya ta Yohanna, maganar ranar hisabi ce daga bakin Kiristan da ya san ranarsa ta matso. Abin da ya fi ba mu hujja shi ne wata waƙa da ke cikin kundin, Give My Love to Rose, wadda ya fara naɗa a 1957 yana ɗan shekara 25. Labarin wani fursuna ne da aka saki, mutuwa ta riske shi a gefen layin dogo kafin ya isa gida. Cash ya sake rera ta bayan shekara 45, ya san sarai kowa zai iya jera biyun ya auna. A ta farko muna jin saurayin da ya tsinci mai mutuwa a hanya. A ta biyu kunnenmu ba ya iya raba mai ba da labari da wanda ke kwance. Wanda ke gudun a ga tsufansa ba ya ɗora tsohon hotonsa kusa da sabo.

To in haka ne, da 'ya'yansa ko kamfaninsa sun hana fitar da kundin don kare mutuncinsa, mutuncin wa suka kare? Mun fara zargin cewa wani abin da muke kira sutura, kanmu muke yi wa. Mukan mayar da tsoho ɗakin baya, mu karɓe masa magana a gaban baƙi, mu ƙarasa masa jimlar da bai gama ba, mu ce don shi muke yi, alhali mu ne ba ma iya jure ganin inda muka nufa. Abin da Columbia ta yi a 1986 ma ai wani irin jan labule ne, sai dai babu wanda zai kira shi girmamawa. Asiri na mai shi ne. Yana da ikon a rufa masa, yana kuma da ikon ya buɗe, kuma wanda ya rufe masa da ƙarfi ya ƙwace masa abu kamar yadda mai tona masa ya ƙwace.

Da maganar ta tsaya nan da mun huta. Sai dai sana'armu ba ta bar mu mu yarda da saukin labarin nan ba, wai dattijo ya zauna ya buɗe baki, na'ura ta kama gaskiya tsirararta. Mun san yadda sauti yake zama a cikin kwamfuta. A faifan CD ana auna igiyar sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, a mayar da ita lambobi, kuma duk abin da ya zama lamba ana iya yanka shi, a matsar, a liƙa, a goge. Tun 1997 akwai Auto-Tune mai miƙe muryar da ta kauce. Waɗanda suka yi aiki da Cash a shekarun nan sun faɗa cewa akwai ranakun da ba ya iya kai waƙa ƙarshe, sai a yi ta ɗauka, a tsinci baiti nan a tsinci baiti can a ɗinke. Ke nan duk numfashin da muka ji a kundin, wani ne ya gan shi a allon kwamfuta ya yanke shawarar barinsa. A bakin sana'armu abin da ya kauce wa tsari ƙwaro ne, kashe shi ake yi. A nan an zauna an zaɓi ƙwarin da za a bari da rai. Waƙoƙin ma haka: yawancinsu na rabuwa ne da nadama da kabari, kuma hannun Rubin yana cikin zaɓen. Tsohon da ke fuskantar mutuwa, wanda muka gani muka ce ga gaskiya, shi ma tsararren abu ne.

Wannan ya dame mu kwana biyu, har ɗayanmu ya ce ashe dai wasan kwaikwayo ne. Amma da muka sake dubawa sai muka ga ɗinki bai isa ya mayar da abu ƙarya ba. Mai ba da shaida ma yana zaɓen abin da zai fara faɗa da abin da zai bari. Abin tambaya shi ne ko an sa abin da babu, kuma ko mai abin ya ga ɗinkin ya ce nasa ne. Kowane sautin muryar Cash a American IV daga maƙogwaronsa ya fito, a shekarar da aka ce ya fito, da huhun da yake da shi a lokacin. Ya ji kundin, ya ga bidiyon, yana cikin hankalinsa, aka sake su yana raye. Sharuɗɗa biyu ke nan, kuma da zarar mun faɗe su sai muka ga yadda suke saurin sulalewa.

Ɗauki abin da ya biyo baya. Bayan rasuwar June, Cash ya roƙi Rubin kada a bar shi ba aiki, ya ci gaba da naɗar murya har kusan ƙarshe, wani lokaci daga keken guragu. Daga waɗannan aka haɗa American V a 2006, wanda ya hau saman jadawalin Billboard, da American VI a 2010. An ƙarasa kiɗan bayan ba ya nan. Muryar tasa ce, nufin yin aikin ma nasa ne, amma bai ji yadda aka ƙare ba, bai ce a sa wannan a bar wancan ba. Muna sauraronsu, ba ma jin an ci amanarsa, sai dai ƙafarmu ba ta taka ƙasa sosai kamar a na huɗu.

Glen Campbell ya fi wuya. A 2011 ya sanar cewa yana da cutar Alzheimer mai cinye tunani, ya fitar da Ghost on the Canvas, ya fita yawon bankwana da 'ya'yansa uku a cikin makaɗansa, yana karanta baitocin waƙoƙinsa daga allo don sun fara ɓace masa, yatsunsa kuwa ba su manta jita ba. Kundinsa na ƙarshe, Adiós, an naɗe shi bayan yawon, tsohon abokinsa Carl Jackson yana tsaye kusa da shi yana ba shi baiti ɗaya-ɗaya. Ya fita a Yunin 2017, Campbell ya rasu a Agusta, kuma a lokacin ya yi nisa cikin ciwon. Wane ne ya amince a nan? Mutumin 2011 da ya ce a nuna wa duniya, ko na 2017 da ba za a iya tambayarsa ba? Mu da muke rubuta ɗan akwatin nan na "na amince" da kuke dannawa ba ku karanta ba, mun fi kowa sanin cewa amincewa tana iya zama fanko. Mukan samu sa hannu mu wanke hannunmu. Game da Campbell mun karkata ga cewa maganar mutum lokacin da yake da hankalinsa tana bin sa har inda hankalin ya tafi, kamar wasiyya. Amma wasiyya ana yin ta ne a kan abin da mutum ya sani, shi kuwa bai san yadda ƙarshen zai kasance ba, babu wanda ya sani. Mun bar wannan a buɗe, don ba mu da abin rufe shi.

Sai kuma wanda ya shigo har teburinmu. A 2013 Randy Travis, ɗaya daga manyan muryoyin kantiri na shekarun 1980, ya samu shanyewar ɓarin jiki da ta tafi da yawancin maganarsa. A Mayun 2024 sai ga sabuwar waƙarsa, Where That Came From. Wani mawaƙi, James Dupré, shi ya rera, aka horar da ƙirƙirarriyar basira da tsofaffin naɗe-naɗen Travis, ta ɗora launin muryarsa a kan rerawar Dupré, furodusansa na tun farko Kyle Lehning ya yi ta gyara har ta zauna. Travis da matarsa Mary suna ciki, sun yarda, ba a kuma ɓoye wa kowa yadda aka yi ba. Idan sutura muke nema, ga ta nan cikakkiya: babu rawa, babu yankewar numfashi, an mayar wa mutum rigarsa ta ƙuruciya ba ko yamutsa. Muka kunna wa abokinmu muka ce to ga abin da kake so. Ya saurara har ƙarshe ya ce, "Wannan kuma ba kowa a ciki."

Ba mu yarda da shi gaba ɗaya ba. Wanda ya ga fuskar Travis yana jin muryarsa bayan shekara goma sha ɗaya ba zai yi saurin cewa ba kowa ba, kuma mu da muke da bakinmu ba mu da hurumin hana marar baki aron murya. Amma mun gane abin da kunnensa ya rasa. Muryar Cash ta 2002 tana ba da labari biyu a lokaci guda, na waƙar da na jikin da ke rera ta. Jiki magayi. Ta Travis ta 2024 labari ɗaya take bayarwa, don ba ta da shekaru, ba ta kwana asibiti ba. Abin da ya fi tayar mana da hankali kuwa shi ne mun san mataki na gaba, don irinmu ne za su rubuta shi. Na'urar da ta iya cire rawar murya ta iya sa ta. Tunda an ga rauni yana sayuwa, ba abin da zai hana a ƙera shi: a ɗauki lafiyayyen saurayi a ƙara masa shekara arba'in da ciwon huhu, ko a ɗauki mamaci a sa shi bankwanan da bai yi ba. Jihar Tennessee ta yi doka a 2024 da ta hana kwaikwayon muryar mutum ba da izininsa ba, abu ne mai kyau, amma doka tana kare mai murya ne, ba ta dawo wa mai sauraro da yardar da yake yi wa kunnensa. Ranar da tsufa ya zama maɓallin da ake dannawa, wanda ya ji American IV karon farko zai iya ɗauka salo ne.

Akwai kuma namu laifin, mu masu sauraro, wanda gardamar ta daɗe ba ta taɓo ba. Cash ya buɗe abin da ya buɗe a cikin kundi mai waƙa goma sha biyar, mai farko da ƙarshe, wanda ya rufe da shi da iyalinsa da abokan aikinsa suna amshi tare a waƙar sai mun sake saduwa. Mu kuwa mukan yanko daƙiƙa talatin mafi zafi mu ɗora a kan hoton da muka ga dama. An sa Hurt a tallan fim ɗin Logan a 2016, an sa waƙar hisabin nan a farkon wani fim na gawarwaki masu tafiya a 2004. A daren da muka fara wannan magana mu ma cike shiru muke yi da shi kafin gwaji ya ƙare. Idan dattijo ya kira ka ɗakinsa ya nuna maka tabonsa, ya yarda ka gani, amma yadda ka zauna da abin da ka yi da hannunka lokacin da yake magana, wannan naka ne. A nan abokinmu ya fi mu gaskiya, ko da yake ba nan ya nufa ba. Tun daga lokacin ba mu ƙara kunna kundin a ofis ba. Wanda yake so ya ji, yakan ji shi kaɗai, daga farko.

Da aka yi hutun sallah abokin namu ya je gida. Mahaifinsa tsohon malamin makaranta ne, wanda a da muryarsa ke isa ƙarshen fili ba lasifika, yanzu kuwa sai an matso. Ya dawo ya ba mu labari cewa ya rasa yadda zai yi ya cire maganar daga ransa, sai ya zauna kusa da shi bayan la'asar ya kwashe labarin Cash ya gaya masa, har ya nuna masa bidiyon a waya. Tsohon ya riƙe wayar da hannu biyu ya kalla har aka rufe fiyano. Sai ɗan ya ce, "Baba, da ku ne, za ku yarda a ɗauke ku haka?"

Ya ce tsohon ya daɗe bai amsa ba. Can ya ce, "Ni? Allah ya kiyaye. Wanda ya san ni da, ya riƙe abin da ya sani." Ya miƙo wayar, sai kuma ya fasa sakinta. "Amma shi wannan ai ba ka isa ka hana shi ba. Kai wane ne? Mayar min da shi farko, ban ga matar da kyau ba."